Katsina United, Pillars ko wata? Yadda Bakatsine zai zaɓi ƙungiyar gida da zai bi

Zauna a kowace majalisar samari a Ƙofar Ƙaura ko Sabon Layi ka tambayi kowa ƙungiyarsa. Kafin ka rufe baki za ka ji Madrid, Barcelona, Arsenal, Chelsea, Man U. Sake tambaya ka ce, "To a nan gida fa?" sai a fara kallon juna. Wani zai ce Katsina United don dai shi Bakatsine ne, alhali ko sunan golanta bai sani ba. Wani zai ce Pillars don ya tashi ya ji ana "Sai masu gida". Da yawa kuma za su ce su ba sa kallon ƙwallon Najeriya, kuma idan ka bincika za ka tarar ba su taɓa shiga fili ba balle su san abin da suka ƙi.

Wannan jagora na wanda ya yi niyyar ya samu ƙungiya a gasar gida ne, ya bi ta da gaske. Ra'ayina tun daga farko shi ne: ƙungiyar Turai da ido ake bin ta, ta gida kuwa da ƙafa. Saboda haka ma'aunin da ka zaɓi Madrid da shi, wato kofuna da taurari, ba zai yi maka aiki sosai a nan ba. Abin da zai yi aiki shi ne wadda za ka iya zuwa ka gani, ka kuma jure mata ranar da ta ba ka kunya.

Mataki na farko: san yadda gasar take

Babbar gasa ita ce Firimiyar Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NPFL. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38 a kaka, 19 a gida 19 a waje. Huɗun ƙarshe a teburi suna faɗawa gasa ta biyu, NNL, wasu huɗu su hauro daga can. Ƙarƙashin NNL akwai NLO, inda ƙananan ƙungiyoyin garuruwa suke fafatawa. Ta ɗaya da ta biyu a Firimiya suna zuwa gasar zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci kofin ƙalubale suna zuwa gasar Confederation, wato gasar ƙungiyoyin Afirka ta biyu. Shi kofin ƙalubalen, wanda yanzu ake kira President Federation Cup, tun 1945 ake buga shi, kuma daga matakin jiha yake farawa, shi ya sa ƙaramar ƙungiya take iya haɗuwa da babba.

Tunda huɗu na sauka huɗu na hawa duk shekara, kada ka dogara da jerin sunayen da ka sani shekara uku da suka wuce. Nemi teburin kakar da ake ciki ka ga su wa ke sama, su wa suka sauka.

Abu ɗaya da ya kamata ka haddace tun yanzu: a wannan gasa cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai. Ƙungiya tana iya cinye kusan duk wasanninta na gida ta kuma sha kashi a kusan duk na waje, ta ƙare a tsakiyar teburi. Doguwar tafiya a mota daga Katsina zuwa Aba ko Fatakwal, bambancin yanayi, filin da ba a saba da shi ba, matsin 'yan kallo a kan alƙalin wasa, duk suna ciki. Amfanin sanin wannan shi ne, daɗin goyon baya a nan yana cikin wasannin gida. Wanda ya zaɓi ƙungiyar da ba zai iya zuwa filinta ba, sakamako kawai zai riƙa karantawa a waya.

Mataki na biyu: auna hanya da aljihu

Wannan shi ne matakin da mutane suke tsallakewa, kuma shi ne mafi nauyi.

Idan a cikin birnin Katsina kake, filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda har yanzu da yawa ke ce wa Karkanda, kuɗin kurkura ne kawai tsakaninka da shi. An buɗe shi a 2013, aka sauya masa suna a 2016 don tunawa da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma yana cin mutum kusan 35,000. Kana iya yin sallar azahar a gida, ka ci abinci, ka je ka kalli wasa, ka dawo ka samu magariba a unguwarku. Babu wata ƙungiyar da za ta ba ka wannan sauƙin sai wadda ke wasa a nan.

Kano kuwa tafiyar kusan kilomita 170 ce ta Charanchi, Kankiya, Tsanyawa da Bichi. Zuwa ba matsala. Dawowa ce abin dubawa, domin yawancin wasanni ƙarfe 4 na yamma ake take su, a tashi wajen ƙarfe 6. Kafin ka fita daga cunkoson Ƙofar Mata, inda filin Pillars yake, ka isa tasha, duhu ya yi. Ko dai ka yi tafiyar dare, wadda ba na ba kowa shawarar ya mayar da ita al'ada a wannan zamani, ko ka kwana. Idan kana da ɗan'uwa a Kano ko harkar kasuwa da ke kai ka Kwari ko Singa duk mako, lissafinka daban ne da na wanda zai biya masauki.

Mutumin Daura yana tsaka-tsaki. Katsina tana da nisan kimanin kilomita 80 ta Mashi, Kano kuma ta fi nisa ta Kazaure da Dambatta, amma Daurawa da yawa harkarsu ta fi karkata Kano. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga gida ɗaya a Daura wa yana Pillars ƙane yana Katsina United. Mutumin Funtuwa ko Bakori kuwa Zariya ta fi masa kusa da babban birnin jiharsa, don haka idan ya ce idonsa na kan ƙungiyoyin Kaduna, ba cin amana ya yi ba. Kada a manta sai a 1987 aka cire Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna. Dattijon da ya ga zamanin da Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1988 yana da hujjarsa idan har yau zuciyarsa na can.

Ɗauki biro ka yi lissafi. Kuɗin mota zuwa da dawowa, tikiti, ruwa da ɗan abin taɓawa, kwana idan ya kama. Ninka shi sau adadin wasannin da kake ganin za ka iya zuwa cikin 19 ɗin nan. Idan amsar ta nuna sau biyu kacal za ka iya zuwa a shekara, to ka sani ƙungiyar rediyo da waya ka zaɓa. Ba haramun ba ne, amma ka san abin da ka saya.

Mataki na uku: ji tarihin kowace, amma kada kofi ya ruɗe ka

Matasa da yawa suna ɗauka Katsina United jiya aka haife ta. Ba haka ba ne. A shekarun 1990 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere: 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta, 1996 Julius Berger ta Legas, 1997 kuma Eagle Cement ta Fatakwal. Sau uku tana isa bakin kofi tana dawowa hannu rabbana. Ta kuma wakilci Najeriya a gasar Afirka a 1996. Bayan nan ta yi dogon zama a ƙasa, har aka san ta da sunan Spotlights, kafin a mayar mata da sunan Katsina United a 2016 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A shekarar ta samu hawa, ta buga Firimiya a kakar 2017, da laƙabin Chanji Boys. Ta faɗi a 2022, ta dawo a 2023.

Ma'anar wannan ga mai zaɓe ita ce, idan ka ɗauki Katsina United ka ɗauki ƙungiyar da ake bin ta bashin kofi. Ba za ka samu abin tutiya da yawa a teburin mai shayi ba. Amma duk ranar da kofin farko ya shigo garin nan, wanda ya sha rana a Karkanda shekara da shekaru shi ne zai san daɗinsa, ba wanda ya sayi riga a makon ba.

Kano Pillars labarinta daban ne. An kafa ta a 1990 bayan haɗe ƙungiyoyi uku na Kano. Ta ci Firimiya sau huɗu: 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Daga cikinta Ahmed Musa ya fita Turai bayan ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010, ya kuma dawo ya sake saka rigarta. Rabi'u Ali Pele ya yi shekaru yana jan ragamarta har ya zama kamar shi ne tambarin kulob ɗin, ga kuma Gambo Muhammad da ya yi zamaninsa a gaba. Yawan magoya bayanta a Arewa babu mai ja.

To amma ka lura, ita ma wannan babbar ƙungiya ta faɗi a 2022, kaka ɗaya da Katsina United, suka kuma hauro tare a 2023. Kofin Firimiya na ƙarshe da ta ɗaga ya haura shekara goma. Wanda zai bi Pillars don yana zaton kullum nasara ce, zai sha mamaki. A wannan gasa sarauta ba ta daɗewa a gida ɗaya: Plateau United 2017, Akwa United 2021, Rivers United 2022, Enyimba 2023, Enugu Rangers 2024, Remo Stars 2025.

Sauran na Arewa a gurguje. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ƙungiyar kofin ƙalubale ce, ta ci a 1991, 1992 da 2024. Wikki Tourists ta Bauchi ta ci shi a 1998. Akwai Niger Tornadoes a Minna, Nasarawa United a Lafiya, Plateau United a Jos, da Barau FC ta Kano da ta hau Firimiya a 2025. Idan ka yi karatu a Maiduguri, ko ka yi hidimar ƙasa a Bauchi, ko mahaifiyarka 'yar Jos ce, wannan dalili ne mai ƙarfi, ya ma fi na kofi. Kuma ko ba komai, duk shekarar da suke rukuni ɗaya da Katsina United za su zo maka har gida sau ɗaya.

Masu cewa Enyimba don ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, kuma ta fi kowa yawan kofin Firimiya, ba zan hana su ba. Sai dai Aba ba nan kusa ba ce. Wannan bin Madrid ne da wani suna.

Mataki na huɗu: wa ke biyan albashi?

Yawancin ƙungiyoyin Firimiya na gwamnatocin jihohi ne, har da Katsina United da Pillars. Wannan yana da fuska biyu. Ƙungiyar gwamnati ba ta cika mutuwa ba, ko ta faɗi za a lallaɓa a tashe ta. Amma lafiyarta tana bin sha'awar wanda ke kan mulki. Gwamna mai son ƙwallo ya zo, a ga sabuwar mota da sababbin 'yan wasa. Wani ya zo, a rushe hukumar gudanarwa, a kawo sababbin mutane, a fara daga farko.

Ƙungiyar mutum ɗaya kuma ƙarfinta da rauninta duk mai ita ne. Remo Stars ta Kunle Soname ta nuna abin da tsari zai iya yi: filinta, makarantar horar da yaranta, har ta kai ga kofi. Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ce. A ɗaya gefen, Giwa FC ta Jos tana cikin manya a 'yan shekarunta, aka kore ta daga gasar a 2016, magoya bayanta suka wayi gari ba su da ƙungiya a Firimiya.

Ba sai ka shiga ofishin kowa ba kafin ka gane lafiyar kulob. Duba abu uku. Koci nawa suka yi a kaka biyu da suka wuce? Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da suka fara wasan ƙarshe na bara, nawa ne suke nan bana? Ana yawan jin kukan albashi da kuɗin sa hannu da alawus na wasa? Inda ake sauya rabin 'yan wasa duk shekara, ba za ka samu wanda za ka shaƙu da shi ba. Wannan ne ma dalilin da zai sa kada ka zaɓi ƙungiya saboda ɗan wasa ɗaya. Kwantiragi a nan gajere ne, wanda ya haskaka bana baɗi yana wata jiha ko ya tsallaka ƙetare. Masu horarwa ma haka suke zagayawa: Usman Abdallah ya ci Firimiya da Enyimba a 2019, ya horar da Katsina United, ya kuma horar da Pillars.

Mataki na biyar: je ka gani da idonka

Zaɓen ƙungiya ba tare da ka shiga filinta ba kamar sayen ragon layya ne ta hoton waya. Kafin ka furta wa kowa cewa kai ɗan kaza ne, ka kalli wasa aƙalla uku na wadda kake tunani, kuma kada su zama iri ɗaya. Ɗaya babban wasa ranar Lahadi da fili zai cika. Ɗaya na tsakiyar mako, ranar Laraba, da ƙungiyar da ba ta da suna, lokacin da sai 'yan gani-kashe-ni kaɗai ke zuwa. Na ukun kuma, idan Allah ya sa, wanda za a tashi canjaras ko a sha kashi a gida. A nan ne za ka ga ainihin halin mutanen da za ka zauna da su, ka kuma ga naka.

Ga yadda za ka shirya. Tabbatar da rana da lokaci da safiyar ranar, domin ana ɗage wasa ko a sauya masa fili ba tare da dogon sanarwa ba. Isa da wuri, kamar awa ɗaya kafin a take, saboda turmutsutsun ƙofa a minti goma na ƙarshe ne yake tsanani. Ka yi alwala tun daga gida, ka tsara inda za ka yi la'asar, tunda lokacinta da na take wasa kusan tare suke zuwa. Sayi tikiti a inda aka tanada, ka riƙe guntunsa. Akwai masu jiran a buɗe ƙofa kyauta bayan an dawo hutun rabin lokaci, akwai masu neman wanda zai shigar da su ta bayan fage. Idan da gaske kake kana son kulob ya tsaya da ƙafarsa, ɗan abin da za ka biya a ƙofa shi ne gudummawarka ta farko.

Wurin zama ma zaɓi ne. Ɓangaren rumfa ya fi tsada, ya fi natsuwa, a nan ya kamata ka zauna idan da yaro ka zo ko da iyali. Ɓangaren rana nan ne ganga da waƙa da ba'a suke, nan ne kuma rigima take fara tashi idan za ta tashi. A watannin Maris da Afrilu zafin Katsina ba wasa ba ne, ka tafi da hula da ruwa. Lokacin hunturu kuma iska da ƙura. Waya da kuɗi a aljihun gaba. Kada ka saka rigar wata ƙungiyar gida a wasan da ba nata ba, musamman ta abokiyar hamayya.

Idan an fara, kada ka auna abin da kake gani da na talabijin. Babu maimaici, babu kyamara goma sha, fili wani lokaci ba ya taimakon ƙwallon ƙasa. Amma akwai abin da talabijin ba ya ba ka: za ka ji gola yana yi wa 'yan bayansa tsawa, ka ga yadda ɗan wasan tsakiya yake neman gurbi tun ƙwallo ba ta zo ba, ka ji ƙarar haɗuwar ƙafa da ƙafa. Zaɓi ɗan wasa ɗaya ka bi shi da ido minti goma ko ƙwallo ba ta wurinsa. Idan ka fita kana son sanin sunansa da garin da ya fito, alama ce mai kyau.

Kafin a dawo daga hutu, nemi wani dattijo a kusa da kai. Kowane fili yana da su, waɗanda suke zama wuri ɗaya shekara da shekaru. Gaishe shi ka ce, "Baba, tun yaushe kuke zuwa nan?" Abin da za ka ji a minti goma sha biyar ɗin nan, na 'yan wasan da da yadda aka yi rashin kofunan can, ba ya cikin intanet.

Mataki na shida: dubi mutanen da za ka zama ɗaya daga cikinsu

Ƙungiya ba 'yan wasa kaɗai ba ce. Da wa za ka riƙa tafiya fili? Idan abokanka na unguwa ko na shago duk wuri ɗaya suke zuwa, wannan ba ƙaramin dalili ba ne, domin wanda yake zuwa shi kaɗai yakan gaji kafin kaka ta raba. Idan mahaifinka ko yayanka yana da ƙungiya, bin sa yana ba ku abin hira har tsufa. Saɓa masa kuma yana ba ku abin tsokana, wanda shi ma wani daɗin ne idan gidan ana ɗaukar wasa.

Sai maganar da ba a so a yi amma dole a yi. Haɗuwar Katsina United da Pillars wasan hamayya ne mai zafi, kuma zafin ya sha wuce gona da iri. A Afrilun 2022 an tashi wasansu a Kano ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina, hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kuma cire mata maki uku. A ƙarshen wannan kaka dukansu biyu suka faɗi. Ita ma Katsina United an taɓa hukunta ta saboda abin da 'yan kallonta suka yi wa baƙi. Babu wanda hannunsa yake da tsabta a nan, kuma Katsinawa da Kanawa da suke auren juna suna cin kasuwa ɗaya ba su da dalilin jifan juna saboda ƙwallo.

Ka san yadda hukuncin yake tafiya, domin kai zai shafa. Jifa, shiga fili, taɓa alƙalin wasa ko baƙi suna jawo tara ta miliyoyin naira, cire maki, buga wasa ba 'yan kallo, ko a kwashe wasannin gida a kai wata jiha. Wato mutum ɗaya da ya jefa dutse yana iya sa duk lissafin da ka yi a mataki na biyu ya rushe, ƙungiyar da ke bayan gidanku ta koma wasa a garin da sai ka kwana a hanya. Saboda haka idan ka je wasannin gwaji, duba yadda shugabannin magoya baya suke yi idan alƙali ya busa abin da ba a so. Suna kwantar da mutane ko su ne kan gaba wajen zuga? Idan ka ga hankula sun fara tashi ana saura minti kaɗan, fita abinka. Sakamako zai same ka a waje.

Mataki na bakwai: tambayi kanka tambayar faɗuwa

Ka ɗauka ƙungiyar ta faɗa NNL. Babu talabijin, jaridu sun daina ambatonta, abokan karawarta sunayen da ba ka taɓa ji ba. Za ka je? Idan amsarka e ce ga ɗaya daga cikin waɗanda kake aunawa, a'a ga sauran, ka gama zaɓe. Magoya bayan Katsina United da na Pillars duka sun amsa wannan tambaya a aikace a 2023, kuma waɗanda suka je fili a wannan shekarar sun san junansu.

Idan ka tambaye ni, mazaunin birnin Katsina, Batagarawa, Rimi, Kaita ko Jibiya da ba shi da wata tsohuwar alaƙa da wani gari, Katsina United ce ta fi dacewa da shi, ba don ta fi kowa iya ƙwallo ba, sai don ita ce zai iya gani sau 19 a shekara. Wanda rabin rayuwarsa a Kano take, ko ya gaji Pillars a gida, ya riƙe ta ba tare da jin kunyar kowa ba. Mutumin Daura ya bi hanyar da ƙafarsa ta fi sabawa da ita.

Bayan ka zaɓa

Nemi jadawalin kaka ka adana a waya, ka yi wa wasannin gida alama. Bi shafin kulob ɗin da na NPFL a Facebook ko X, amma ka tantance na gaskiya, domin shafukan bogi masu yaɗa jita-jitar sayen 'yan wasa sun yi yawa. Shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Katsina, irin su Companion FM da Vision FM da rediyon jiha, da sashen Hausa na BBC, za su taimaka maka da sakamakon wasannin waje. StarTimes ta ƙulla yarjejeniyar nuna gasar a 2023, sai dai zaɓaɓɓun wasanni ta nuna, ba duka ba. Idan kana da mai gidan kallo da kuke shiri, roƙe shi ya riƙa saka wasan ƙungiyarku a allo ɗaya duk ranar da ake nuna ta a waje. Idan kun kai ku biyar ko shida masu biya, zai saka.

Riga kuwa, tambayi ofishin kulob ko ƙungiyar magoya baya inda ake sayar da ta gaske, don kuɗinka ya shiga inda kake so. Idan za ka shiga ƙungiyar magoya baya, fara zama da su a fili tukuna kafin ka ba da suna da kuɗin rajista.

Ba sai ka saki Arsenal ko Barcelona ba. Matsalar kawai ita ce yammacin Lahadi, lokacin da babban wasan Ingila yakan faɗo daidai da na Karkanda. Yanke hukunci tun yanzu wanne za ka fifita idan sun haɗu. Na Ingila za ka same shi a waya da daddare, an yanko maka ƙwallayen har da maimaici. Na gida idan ya wuce ka, sau da yawa sai dai a ba ka labari.

Caca kuma ka nisance ta. Bayan haramcinta, tana lalata kallon kansa: mutum ya zo fili yana addu'ar a ci ƙungiyarsa ƙwallo ɗaya don takardarsa ta shiga, irin waɗannan ne kuma suke fara zagin 'yan wasa da alƙali.

Idan kana da ƙaramar ƙungiya a garinku da ke buga NLO ko kofin jiha, a Daura, Malumfashi, Dutsin-ma ko Funtuwa, riƙe ta a matsayin ta biyu. Ba ta karo da babbar sai idan kofin ƙalubale ya haɗa su, kuma wasanninta galibi ba su da tsada. A irin waɗannan filaye ne ake fara ganin yaran da manyan ƙungiyoyi za su zo su ɗauka bayan shekara biyu ko uku.